Farin Takalmin Habsatu

Assalamu alaikum, masu bin labarina. Ni ce dai Balkisa Shu'aibu 'yar unguwar Kalley, tsohuwar da ke magana jikarta Zeinabu tana latsa waya tana rubuta muku. Jiya ta karanta mini saƙonninku. Wata ta ce na cika zafi a kan Mushe Lawali, wai mutum ne mai son ci gaba, ni ce ban waye ba. Wata kuma ta jero mini jajayen zukata, ta ce da ita ce da tuni ta amsa masa. To 'yan mata, ku gyara zama. Yau labarin takalmi zan ba ku, in kun gama ji sai ku sake turo mini zukatan naku in gani.

Wanda yau ya fara shigowa, bari in ɗora shi a hanya. Lokacin da nake magana a kai, ƙasarmu ba ta daɗe da karɓar 'yancin kai ba. Tuta sabuwa ce, waƙoƙin rediyo sababbi, har tafiyar ma'aikatan gwamnati ta canja. Ni kuma na wuce shekara ashirin ban yi aure ba, abin da a wancan zamani ake cewa na yi kwantai. Ina da keken ɗinkina a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ina ɗinka wa matan unguwa riguna. Babanmu Alhaji Shu'aibu mutumin Damagaram ne, atamfa yake sayarwa a babbar kasuwa. Mu biyu kaɗai Allah ya bar wa Inna, ni ta fari da Habsatu auta. Na tsakaninmu duk sun koma tun suna jarirai.

Mushe Lawali, wato Malam Lawali a bakin masu Faransanci, shi ne mai zuwa zance wurina. Ma'aikacin biro ne, wato ofis, kullum cikin farar riga mai gajeren hannu da ta sha guga, alƙalami a aljihu, tabarau a hanci, mobilet ɗinsa, 'yar ƙaramar babur, tana sheƙi. Idan ya tsaya a ƙofar gidanmu bayan la'asar, ƙamshin turarensa ne ke riga sallamarsa shigowa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina sonsa. Idan na ji ƙarar mobilet sai allura ta kuɓuce mini, in ruga ɗaki in sake ɗaura kallabi. Ban da aikin biro, shi ne shugaban kwamitin wasannin yara na unguwarmu, yana yawo da usur rataye a wuya kamar laya.

Habsatu kuwa tana wajen shekara goma sha ɗaya, siririya, baƙa, ƙafafu dogaye. Yarinyar nan ba ta san tafiya ba, gudu kawai ta sani. Inna ta aike ta sayen daddawa, kafin tukunya ta tafasa ta dawo tana dariya. Da yamma yaran layinmu, maza da mata, sukan yi tsere daga bakin famfo zuwa gindin gawo. Su suka tsara wa kansu doka. Ƙanana ana ba su rata. Wanda ya faɗi, a tsaya a tashe shi, a sake daga farko. Wanda ya gaji ya koma gefe ya zama mai tafi. Ba kyauta, ba alƙali, sai ihu. Habsatu ce ke cinye su duka, kuma ba wanda ya taɓa komawa gida da kuka.

Ranar da tsautsayi ya gitta, muna zaune a dakalin ƙofar gida ni da Mushe, sai Habsatu ta wuce mu fuu. Ya cire tabarau ya bi ta da kallo.

"Balkisa, wannan ƙanwarki ce?"

"Ita ce, Mushe. Ba ta jin magana, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Wannan yarinya zinariya ce kuka bari tana yawo a cikin yashi!"

Wallahi daɗi na ji. Na ɗauka yabon gidanmu yake yi.

Ya je ya sami Baba a kasuwa. Ya ce a bikin zagayowar ranar 'yanci za a yi gasar yaran unguwanni, kuma a karon farko har da tseren 'yan mata. Baba ya ce shi 'yarsa ba za ta yi gudu a gaban maza ba. Mushe ya ce, "Alhaji, ƙasa sabuwa ce. Manya za su zo, za a kira sunan gidanka a lasifika. Ko so kake 'yan Gamkalley masu noman salati su ɗauke kofi a gaban idon Kalley?" Nan ya kama Baba. Abin da ya rage kawai sharaɗi, sai da dogon wando. Ni na ɗinka shi da hannuna, kore, da farar riga mai ɗan aljihu.

Daga nan wasa ya ƙare, aka shiga abin da Mushe yake kira antirenma, wato horo. Da safe kafin lakwal, wato makaranta, da yamma bayan an taso. Ya jera yara a fili, ya busa usur, su ruga, ya sake busawa, su dawo. Ba a shan ruwa sai an gama, wai ruwa yana sa nauyi. Wanda ya zo na ƙarshe yana da tsumagiya. Wanda ya faɗi a tsallake shi. Iyaye maza suna tsaye a bakin fili suna daka wa 'ya'yansu tsawa, mutanen da su kansu ba za su iya bin akuya su kamo ba. A kasuwa kuwa ba a zancen komai sai Kalley da Gamkalley, dattawa da gemu suna cika baki da ƙafafun yara. Sannu a hankali na lura in an aiki Habsatu tafiya take yi. Gindin gawo ma ya zama wayam, don Mushe ya hana yaran ƙungiyarsa gudun banza, wai suna ɓarnar ƙarfi.

Sai takalma suka iso. Kyauta ce daga ƙasar waje, a cikin kwalaye, farare fat, sama zane ƙasa roba. Wanda ya aiko su bai taɓa ganin ƙafar yaranmu ba. Da shekaru aka raba, ɗan shekara kaza ga nasa, ba wanda ya ce kawo ƙafarka a gwada. Ku kuwa kun san ƙafar da ta tashi tana taka ƙasa, faɗi gare ta, yatsu a baje. Habsatu ta yi ta turawa, ƙafa ta ƙi shiga.

"Mushe, ya yi mini kaɗan," ta ce.

"Ƙafarki ce ba ta waye ba. Ki jiƙa shi da ruwa, ki sa, ki bar shi ya bushe a jikinki. Zai buɗe."

Na sa baki. "To ba za ta yi gudunta haka nan ba, yadda ta saba?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Balkisa, za a ɗauki foto! Turawa za su zo. So kike a kai hotonmu ƙasashen duniya a ce 'ya'yan ƙasa mai 'yanci ba su da takalmi?"

Ya ƙara da doka, kowane yaro ya riƙa goge nasa da farin alli kullum, duk wanda ya zo da takalmi mai dauɗa zai sha tsumagiya. Damina ce, fili duk taɓo. Haka yarinyar nan take cusa ƙafa a jiƙaƙƙen takalmi safe da yamma.

Wata rana da hantsi na zagaya bayan madafi neman gawayin guga, sai na same ta a tsugune. Ta jiƙa alli tana shafa wa bakin takalmin dama, ta shafa, ta jira ya bushe, ta sake shafawa. Tana ganina ta ɓoye shi a bayanta.

"Kawo nan."

"Ba komai, Yaya."

"Na ce kawo!"

Alli ta ɗora a kan jini. Daga waje fari, ciki kuwa ja ne har ya soma baƙi. Na kama ƙafarta na duba. Farcen babban yatsa ya ɗaga, gefensa ya kumbura yana ruwa.

"Tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. "Don Allah kar ki gaya wa Mushe. Zai ce ragwanci ne."

Na ja ta wurin Inna. Inna ba ta kiran sunana, kasancewata 'yar fari, sai dai ta ce ke wannan. Ta duba, ta yi salati, ta ce, "Ke wannan, ɗauko mini garin lalle." Abin da uwarta ta koya mata ke nan. Faso, kaushi, zafin tafin ƙafa, duk lalle ne maganinsu, yana sanyaya ciwo yana ƙarfafa fata. Ta kwaɓa shi da kauri, ta lulluɓe ƙafafun biyu har yatsu, ta naɗe da ganye da tsumma. Da aka kwance, lalle ya kama ƙwarai, ja mai duhu kamar na amarya. Kowa ya ce masha Allah. Inna ta riƙa maimaitawa don ya ƙara ƙarfi, ƙafar ta koma kusan baƙa. Da soyayya ta yi, Allah ya sani, kuma ban taɓa riƙe ta a raina ba. Amma daga ranar ba mai iya gane launin yatsan nan, ba a san ina lalle ya tsaya ina ciwo ya fara ba.

Da yamma Mushe ya zo. Na fito da atamfata mai ruwan goro, amma ko kwalli ban sa ba.

"Yau gimbiya fushi take yi?"

"Mushe, ƙafar Habsatu ta yi ciwo. Takalmin nan ne. Ka bar ta ta huta, ko ka bar ta ta yi gudu ba takalmi."

Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro. "Bon. Ɗan ƙurji ne. Duk ɗan wasa yana yi. Ke ba ki san sha'anin wasanni ba."

"Na san jini in na gan shi."

"Saurara, Balkisa." Ya matso, ya sassauta murya, muryar nan da takan kashe mini jiki. "Shef ɗina, shugabanmu na biro, zai zauna a rumfar manya. Idan Kalley ta ɗauki kofi, sunana zai shiga cikin waɗanda za a tura Faransa ƙarin karatu. Ana gama biki iyayena za su kawo goro gidanku. Idan yarinyar nan ta ci, ni da ke muka ci. Wala, magana ta ƙare."

"In kuma ba ta yi gudun ba fa?"

Ya gyara tabaransa, ya tashi mobilet. Nan na fahimta.

Na roƙi Inna ta yi wa Baba magana. Baba ya ce ya riga ya ba mutum kalmarsa, an kuma ji a kasuwa, ba zai zama ƙaramin mutum a kan yatsa ba. Washegari sai ga Gwaggo Ramatu, yayar Baba, ta taso tun daga unguwar Lazaret da lulluɓinta da carbinta. Ko ruwa ba ta sha ba ta hau ni.

"Ke Balkisa, kina da hankali kuwa? Sa'o'inki suna da 'ya'ya uku uku, ke kina nan kina taka keke. Allah ya kawo miki mai biro, mai mobilet, za ki kore shi a kan ɗan ciwon yatsa? Mu da muka yi ta tafiya a kan ƙaya mun mutu ne?"

"Gwaggo, yarinyar ba ta iya taka ƙafar."

"Rufe mini baki!" Ta juya wurin Habsatu da ke raɓe a jikin randa. "Ke kuma auta, zo nan. Ki daure, kin ji? Auren yayarki a ƙafarki yake. In kin ci, an yi biki. In kin yi ragwanci, ke kika zaunar da ita a gida."

Maganar nan, masu karatu, Gwaggo ta faɗe ta ne tana gyara ɗaurin zane, ko a jikinta. Ni kuwa na ga yadda ta shige yarinyar. Idanunta suka tsaya cak a kaina.

Bayan Gwaggo ta tafi na ja ta ɗaki. Na ce, "Habsatu, kar ki kula da zancen Gwaggo. Ranar gasa ki ce ba za ki iya ba. Ko in an busa usur ki tuɓe takalmin ki jefar. Ni zan tsaya miki."

"Ba ya zafi yanzu, Yaya."

"Ƙarya kike yi."

"Wallahi ya daina." Ta ɗaga kai ta dube ni. "Yaya, kina sonsa, ko?"

Na kasa ce mata a'a, don ba ta taɓa jin ƙarya daga bakina ba. Kuma da ta ce ya daina zafi, gaskiya ta faɗa. Sai daga baya aka gaya mana cewa daina zafin nan shi ne mafi munin alama.

Ranar biki aka wayi gari da ruwa, sannan rana ta buɗe mai zafi, ƙasa tana tururi. Na sa sabuwar atamfa shuɗiya da Baba ya ba ni, da mayafi fari, na bi ayarin matan unguwa zuwa babban fili. Tun da hantsi aka jera yara, kowace unguwa da layinta, farin takalmi reras. Manyan baƙi ba su zo ba. Aka yi ta jira. An kafa wa manya rumfa, kujeru a jere, ana ta buɗe kwalaben lemo ana ba 'yan kwamiti. Yara kuwa an hana su zama don kar wando ya ɓaci, an hana su ruwa don kar su yi nauyi. Wani yaro a layin Gamkalley ya yanke jiki ya faɗi. Mutum biyu suka ja shi bayan rumfa, aka matso da na bayansa don kar layi ya yi giɓi. Sai bayan azahar motoci suka iso, aka tashi ana tafi, aka shiga jawabai a kan yara manyan gobe.

Da aka zo tseren 'yan mata na kutsa har bakin igiya. Habsatu tana tsaye a kan ƙafar hagu, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Ta neme ni da ido a cikin taro, da ta gan ni ta yi ɗan murmushi. Usur ya tashi.

Na sha ganin gudun ƙanwata, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Da can in tana gudu dariya take yi. Ranar nan haƙoranta a cije, kanta a karkace, tana jefa ƙafar dama kamar ba tata ba. Wata doguwa 'yar Gamkalley ta sha gabanta. Mazan Kalley suka haukace da ihu, "Habsatu! Kar ki ba mu kunya!" Ina jin muryar Baba a cikinsu. Daf da ƙarshe ta wuce yarinyar, ta faɗa kan zaren da aka gitta a ƙarshen tsere, ta kife a taɓo.

Fili ya ɗauka. Mutane suka tsallake igiya suka ruga. Na ɗauka wurinta za su. Mushe Lawali suka ɗaga sama, suna juyi da shi, usur ɗinsa yana lilo. Ni kaɗai na isa inda take. Bakin takalmin dama ya rine ja, jini ya ci alli ya fito.

Ana haka aka ce a zo a yi foto. Mai hoto Bature ne, ya kafa na'urarsa a gaban rumfa. Mushe ya zo da sauri, kofi a hannu, yana haki.

"Tashi, tashi, championne! Zo ki tsaya kusa da ni."

Na tallafe ta ta miƙe. Sai idonsa ya sauka a kan takalmin. Fuskarsa ta canja.

"Kai! Wannan ba zai shiga foto ba." Ya waiga, ya hango wata yarinyar ƙungiyarmu wadda ko gudun ba ta yi ba, takalminta fari tas. "Ke, zo nan. Riƙe kofin. Yi murmushi."

"Mushe," na ce, "ita fa ta ci."

"Kalley ce ta ci, Balkisa. Kai ta gefe, manya suna jira."

Saboda hoton nan aka cusa mata takalmin, kuma saboda takalmin aka fitar da ita daga hoton. Na kwance mayafina na goya ta kamar jaririya, na ratsa taro, ƙafafunta suna bugun gwiwoyina. Ba wanda ya tsayar da mu.

A gida takalmin ya ƙi fita, ƙafa ta cika shi. Da almakashin ɗinkina na yanka shi. Warin da ya taso ya sa Inna ta dafe bango. Kafin magariba jikinta ya yi zafi rau, tana sambatu. Muka kai ta dispanser, ƙaramin asibitin unguwa. Anfirme Isaka, ma'aikacin jinya, wani Bazabarme mai Hausa a karye, ya yi ta wanke ƙafar yana kai fitila kusa.

"Lalle ya rufe komai," ya ce. "Tun yaushe yatsa ya yi baƙi, ba mai sani. Kala suru, sai haƙuri. Ku tafi babban asibiti yanzu yanzu."

A can likita ya ce yatsan ya mutu, in ba a cire shi ba zai tafi da ƙafar. Baba ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hularsa. Inna kuwa tun daga ranar ba ta ƙara taɓa lalle ba har ta bar duniya.

Da Habsatu ta farfaɗo da safe, ina zaune a gefen gado. Ta dubi ƙafarta a naɗe da farin bandeji, ta dube ni.

"Yaya, na ci, ko?"

"Kin ci."

"To yanzu zai aure ki?"

Na kifa kaina a kan katifa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya.

Mushe ya zo dubiya da gwangwanin alawa. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ce ƙaddara ce. Na bi shi baranda, kunyar da nake ji tasa duk ta gudu.

"Ƙaddara ce ta raba takalmi ba a gwada ba? Ƙaddara ce ta hana su ruwa? Yaran nan suna wasansu lafiya a gindin gawo, ba wanda ya taɓa rasa ko farce. Kuka zo kuka ƙwace, kuka mai da shi naku. In za ku tara 'ya'yan mutane, ku ajiye mai duba lafiyarsu a fili. Yaro in ya ce yana jin ciwo, a saurare shi, kar a ɗaga masa tsumagiya. Kuma in wani ya ji rauni, a samu wanda za a tambaya. Yanzu wa zan tambaya, Mushe? Kai ne kwamiti, kai ne alƙali, kai ne mai kofi."

"Kin cika zafin kai, amma zan gyara ki," ya ce yana dariya. "Kwamiti zai duba. Baɗi za mu nemi takalma masu ɗan girma." Ya duba agogonsa. "Ni ma na yi asara, kin sani. Amma an gaya mini akwai wata yarinya a Lazaret, wai ita ma iska ce. Can zan wuce yanzu."

Ku da kuke turo mini zukata, wannan ne mutumin. Kuma kar ku ce zamanin da ne. Ko a bana na ga maƙwabcinmu yana jan ɗansa mai ɗingishi zuwa filin ƙwallo, wai mai horo ya ce akwai baƙi daga Turai. Na yi magana, aka ce tsohuwa ta fara ruɗewa.

Aka sallamo Habsatu, tana dogara sanda. Yaran layi suka koma tserensu a gindin gawo, ita kuma takan zauna a bakin ƙofa tana kallo, ko tafi ba ta yi. Sunan Mushe ya fito cikin masu tafiya Faransa. Hoton nan kuwa an manna shi a bangon ofishin kwamiti, da baƙuwar fuska riƙe da kofin ƙanwata.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga dattawa a zauren gidanmu, kawun Mushe da abokan mahaifinsa, da ƙwaryar goro lulluɓe da farin ƙyalle. Gwaggo Ramatu ta riga kowa zuwa, tana ta gyaran murya za ta yi guɗa. Baba dai mutum ne da ya taɓa rantsuwa ba zai ba da ni ba sai ya ji daga bakina. Ya bar baƙi ya shigo tsakar gida, ya tsaya nesa da ni, bai iya haɗa ido da ni ba.

"Balkisa, mutane suna jira. Me zan ce musu?"

Inna ta kama gefen zanena. "Ke wannan, ki rufa mana asiri."

Na ce a ba ni ɗan lokaci, na shiga ɗaki. Takalmin yana ƙarƙashin akwatina inda na ɓoye shi, a yanke, ya bushe ya ƙandare, allin yana nan a kan jinin. Na ɗauka na sa a cikin mayafi. Habsatu tana kwance a tabarma, ashe idonta biyu. Ta riƙo ƙafata.

"Yaya, ki ce kin yarda."

"Sake ni, auta."

"Don Allah ki ce kin yarda. In kin ƙi, yatsana ya tafi a banza ke nan."

Duk abin da Gwaggo ta faɗa, duk abin da Mushe ya yi, babu wanda ya soke ni kamar wannan. Yarinya ta biya da naman jikinta, kuma tana roƙona in karɓi abin da ta saya mini. Na sunkuya na zare yatsunta daga ƙafata ɗaya bayan ɗaya.

Na fito na wuce Inna, na wuce Gwaggo, na wuce Baba yana cewa, "Ina za ki? Nan za ki faɗa mini!" Na ɗaga labulen zaure, wurin da mace ba ta shiga in maza suna zaune. Dattawa suka ɗago kai a firgice. Na durƙusa na gaishe su yadda aka koya mini. Sannan na yaye farin ƙyallen, na fito da takalmin, na ɗora shi a kan goron.

"Ku kai wa Mushe," na ce. "Ku ce wannan bai shiga foto ba."

Ba abin da ake ji sai ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan daɓe tana matsowa daga cikin gida. Habsatu ce ta taso da ƙafa ɗaya, ta zo jin amsata.